Hancin Aro a Kubwa

Daren Lahadi, 29 ga Maris, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya fito a talabijin ya ce daga ƙarfe 11 na daren Litinin kowa ya zauna a gida a Abuja da Legas da Ogun saboda annobar korona. Da farko an ce mako biyu ne. Aka yi ta ƙari, sai ranar 4 ga Mayu aka ɗan sassauta. Ni turare nake sayarwa a kasuwar Wuse, kuma tun da na baro Zariya ban saba wuni a gida ba, sai dai in kwana in fice. Kullen nan ne ya sa na san mutanen da nake zaune da su.

Gidan da muke haya a Kubwa sassa huɗu ne, tsakar gida ɗaya, rijiyar burtsatse ɗaya. Sashen da ke manne da nawa na wani injiniyan ruwa ne, Kirista, mutumin wajen Kafancan, wanda Hausarsa ta fi ta 'ya'yana daɗin ji. Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Na daɗe da sanin cewa wasu ranakun Asabar ana dafa wani abu a bayan kicin ɗinsa, don hanci ne jarina. Da hantsi ƙamshin hatsi mai zaƙi yakan tsallako katanga. Can wajen azahar sai wani daban ya biyo baya, mai ɗaci-ɗaci, mai ɗanyen ganye, da ɗan ɓurɓushin ɓawon lemo a ƙarƙashinsa. Na san almiski da sandal da hawi da farce, na san man wardi na gaske da na bogi, amma wannan ban san shi ba. Abin ya daɗe yana mini ƙaiƙayi.

A makon farko na kulle na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kar dai in faɗa ka daina gaishe ni. Giya nake dafawa."

Gara in faɗi matsayina tun yanzu. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta bakina ba, ban saya ba, ban ɗauka wa kowa ba. Uwargida ma ba ta so yawan leƙawar da nake yi sashen nan ba, ta sha tuna mini cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na san akwai masu karatu da za su ce gaskiyarta, kuma ba zan yi musu da su ba. Abin da na gani dai na gani, kuma a ciki akwai ilimin ƙamshi da ya shafi sana'ata kai tsaye.

Ya shiga ciki ya buɗe firiza ya ɗauko wata 'yar jaka mai sheƙin azurfa, an zuƙe iskar cikinta har ta manne. Da ya yanka bakinta sai ga wasu korayen ƙwayoyi irin fasalin abincin kifi. Ya ce in murza ɗaya a tafin hannu. Na murza, hannuna ya yi danƙo, ya yi rawaya-rawaya, ƙamshin mangwaro da lemon taba ya bugi fuskata. Wannan shi ne hof, furen macen wata shuka mai yaɗo da ke hawa igiya, wanda aka busar aka niƙa aka dunƙule. A gindin ɓawon furen akwai wani rawayan gari da ake kira lufulin, kuma duk abin da mai giya ke nema yana cikinsa: ƙaro mai ba da ɗaci, da mai mai ba da ƙamshi. Na yi kimiyyar haɗa sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello kafin kasuwa ta ja ni, don haka da ya fara jero sunayen man sai na ji 'yan gida ne. Linalul da jiraniyol suna cikin rabin kwalaben da ke shagona. Mirsin ne ya fi yawa a hof, shi ne mai ɗanyen ganyen nan da ke tsallako katanga.

Matsalar da duk sana'ar ta ginu a kanta ita ce ɗaci da ƙamshi ba sa son abu ɗaya. Ƙaron ba ya narkewa a ruwa sai an tafasa shi, tafasar ce ke juya shi ya zama mai ɗaci, shi ya sa ake barin hof na farko ya yi kamar awa guda a tukunya. Amma man ƙamshin ba ya jure wannan, tururi ke kwashe shi. Wato abin da nake shaƙa ta kan katanga asarar Injiniya ce, ƙamshin da ya saya da dala yana bin iska zuwa sashena kyauta. Mu masu turare mun san wannan rabon aiki. Turaren wuta sai da garwashi yake magana, humra kuwa a kwalba ake jiƙa ta a rufe a ajiye, wanda ya ɗora ta a wuta ya yi ɓarna. Masu giya ma haka suka raba. Hof ɗin ɗaci a wuta, hof ɗin ƙamshi kuma sai an sauke, an huce, yis ya ci sukari ya kusa gamawa, sannan a buɗe bokiti a zuba shi a sanyi, a rufe, a bar shi kwana uku ko huɗu. A bokiti mai lita 20 Injiniya kan zuba giram 60 zuwa 100, a cikin 'yar jakar yadi mai shara-shara da ya dafa tukuna, da ƙwallayen gilashi irin na wasan yara a ciki don ta nutse.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Turawan Ingila sun daɗe suna cusa busasshen hof a ganga kafin su toshe ta, musamman giyar da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Indiya, wadda za ta yi watanni a teku. A wancan zamani adanawa ake nema, don hof yana hana ƙwayoyin da ke sa tsami yaɗuwa. Amurkawa ne suka mai da abin gasar ƙamshi. A farkon shekarun 1970 aka fitar da irin hof mai suna Cascade a jihar Oregon, a 1975 kamfanin Anchor na San Faransisko ya jiƙa shi a sanyi a giyarsa Liberty Ale, a 1978 kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa tasa a gida. Daga nan abin ya bazu duniya, har ya riski Injiniya lokacin da yake karatu a Ingila. A Abuja ma ba shi kaɗai ba ne. Kamfanin Bature Brewery a nan garin ya fara a 2017, daga irin wannan dahuwa ta cikin gida, kafin ya koma Legas, kuma ɗaya daga cikin giyoyinsa sunanta Harmattan Haze.

Sai dai hof ba ya fita a ƙasarmu. Yana son doguwar ranar bazarar Turai, mai awa 15 ko fiye, shi ya sa gonakinsa suke can tsakanin digiri 35 da 55 daga tsakiyar duniya: Halatawu a Jamus, kwarin Yakima a Amurka, Kent a Ingila. Abuja tana kan digiri 9, rana da dare kusan kunnen doki duk shekara. A nahiyarmu wurin da aka sani da nomansa shi ne kewayen garin George a can ƙarshen Afirka ta Kudu. Duk ƙwayar da ke firizar Injiniya a akwatin wani matafiyi ta shigo, ga shi kuma tun 23 ga Maris an rufe filayen jirgi ga jiragen ƙasashen waje. Abin da ke hannunsa shi ke nan.

Ya dafa ta farko a cikin kullen a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke kan ganiyarsa. Yis ɗin da yake amfani da shi digiri 18 zuwa 20 yake so, ɗakin ajiyarsa kuwa da rana yana haura 30. Yana da wata tsohuwar firiza da ya haɗa wa na'urar da ke kunna ta tana kashewa gwargwadon zafi, amma firiza sai da wuta, wuta kuwa kowa ya san halinta. In an ɗauke da dare sai in ji ya ta da janareta, ba don fanka ba, ba don yara ba, don bokiti. Matarsa ta ce da ni wata rana a tsakar gida, "Malam, ka ga kishiyata? A firiza take kwana."

Akwai kuma Mama. Mahaifiyarsa ce, ta zo a farkon Maris ganin likitan ido, kulle ya rutsa da ita, sannan aka hana tafiya tsakanin jihohi, ba ta samu komawa ba sai bayan an buɗe hanya ranar 1 ga Yuli. Ta haura saba'in, kuma da kuɗin burukutu ta biya wa Injiniya makaranta tun daga firamare. Takan ɗauko kujerar tsugunno ta zauna a bakin ƙofar kicin tana kallonsa yana wanke tiyo da magani, yana auna ruwa, yana duba ma'aunin zafi, ba ta cewa komai sai ya yi abin da ya ba ta mamaki. Ran da ta ga man janareta ya ƙare da tsakar rana yana ta zarya, sai ta ce a samo yashi. Aka zuba a babban baho, aka kafa bokitin a tsakiya, aka jiƙa yashin, aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, aka ajiye inda iska ke ratsawa. Ma'aunin ya sauko, ba kamar firiza ba, amma ya sauko. Na ce musu ai wannan ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya ci kyautar Rolex da ita a 2000, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Mama ta ce ita ba ta san shi ba, amma ta gaishe shi.

A wurinta na ji yadda ake burukutu dalla-dalla, abin da duk zamana da Gwarawa da mutanen Filato a Abuja ban taɓa tambaya ba, ko da yake ana yin ta a Nyanya da Karu da Mpape da ƙauyukan da ke bayan Kubwa ɗin kanta. Jar dawa ake jiƙawa, a shimfiɗa a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. A dama da ruwa a dafa, a bari ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa sosai, a huce, a zuba ragowar ta jiya don ta tashi. Kusan mako guda ana aiki. Ba hof a ciki, ba ganyen komai. Tsamin shi ne gishirinta. Kuma tana kumfa ake sayar da ita a ƙwarya, in ta kwana biyu ta zama ruwan tsami, sai a zubar. "Tamu ba ta jiran kowa," in ji Mama. "Tasa kuwa, wai sai ta yi wata a kwalba. Giya ce ko kuɗin adashi?"

Giyar Injiniya ta watan Afrilu ita ce ta tashe mu a wani dare na watan Mayu. Ƙara ɗaya muka ji kamar an harba bindiga, aka ɗan jima, sai ta biyu. A Abuja, a irin wannan lokaci, ba a wasa da ƙara. Na fito da tocila na tarar da Injiniya tsaye a ƙofar ɗakin ajiya da gajeren wando, kumfa na gangarowa ta ƙarƙashin ƙofa, gilashi ko'ina. Ya ɗauki bargo ya lulluɓe akwatunan, da safe ya sa safar hannu da tabarau ya riƙa buɗe sauran ɗaya-ɗaya suna feshi har silin. Ya rantse ya auna sukarin da ya sa daidai, kuma na yarda da shi, don mutum ne mai rubuta komai a littafi. Daga baya ya gano dalilin. Ɗanyen hof da ba a tafasa ba yana ɗauke da sinadaran da ke farfasa ragowar sitacin da yis ya kasa ci, su mai da shi sukari. Sai yis ya farka ya ci gaba da aiki a cikin rufaffiyar kwalba, iska ta taru, zafin ɗakin ya ƙara masa azama. Wasu masana biyu na Ingila, Brown da Morris, sun rubuta wannan tun 1893, aka manta, sai da masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon suka sake tono shi a 'yan shekarun nan. Maganin kawai haƙuri ne: bayan an cire hof a bar bokitin, a riƙa aunawa har awon ya tsaya cak kafin a ɗura a kwalba. Mama ta share gilashin tana cewa a shekarunta na sana'a ƙwarya ba ta taɓa fashe mata da dare ba.

A watan Yuni Injiniya ya kwanta. Zazzaɓi, tari, ciwon jiki. Ya killace kansa a ɗaki, muna aje masa gaisuwa ta taga. Allah ya ba shi lafiya, ya tashi, amma hancinsa bai tashi tare da shi ba. Ya ce yakan buɗe kwalbar fetur ya shaƙa, ya ji kamar ruwa. Ga mutumin da duk abin da yake yi don ƙamshi yake yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na ga ya fi damunsa fiye da ciwon.

Wata safiya, bayan ya warware sarai, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da jakunkuna biyu a hannu. Ya ce, "Malam, aron hanci na zo. Ba sha za ka yi ba, ba taɓawa za ka yi ba. Ka shaƙa kawai ka faɗa mini gaskiya."

Jaka ta farko Cascade ce da ya buɗe tun watannin baya ya ɗaure da roba. Ƙwayoyin sun koɗe sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma abin da ya fito daga ciki warin tsohuwar safa ne da ɗan na cuku. Hof in ya sha iska da zafi haka yake lalacewa, kuma firizar da ake ɗauke wa wuta kullum ba ta tsare shi ba. Na ce masa wannan ko a bola sai an rufe. Ta biyu ta wani irin hof ce mai suna Citra, giram 100, ba a taɓa buɗewa ba, ita ce ta ƙarshe a gidan. Da ya yanka ta sai da matarsa ta leƙo daga kicin ta tambaya wa ya yanka gwanda. Shi kuwa yana tsaye riƙe da jakar a ƙarƙashin hancinsa, ba ya jin komai.

Ya zuba ta duka a bokitin da ke jira. A nan na ga ƙwarewa ta gaske. Ya ɗaga murfin kaɗan, gwargwadon yadda jakar za ta shige, ya sake ta a hankali ba tare da ruwan ya fantsama ba, ya mayar da murfin, duka bai kai ƙiftawa biyar ba. Iskar oksijin ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki. Kaɗan in ta shiga, giyar da ta fito ruwan zinare za ta koma ruwan shayi, ƙamshin mangwaro ya koma na jiƙaƙƙen kwali. Shi ya sa yakan zuba hof tun yis bai gama mutuwa ba, don ya cinye 'yar iskar da ta shiga. A saman murfin akwai wani ɗan lanƙwasasshen bututu da ruwa a ciki, iska na fita ta nan ba ta shiga. Aikina shi ne kowace safiya in sunkuya a kan bututun nan in shaƙi abin da ke fitowa in ba da labari.

Washegari ƙamshin ɗanye ne, mai kaifi, yana cizon hanci. Daga nan ya fara zagayewa, lemon ya lafa, mangwaro da gwaiba suka fito, har da wani abu mai kama da fure wanda babu shi a busassun ƙwayoyin. Wannan ya ba ni sha'awa ƙwarai, don yis mai rai yana juya jiraniyol ya zama wani sinadarin daban mai ƙamshin lemo da wardi, wato bokitin da kansa yana haɗa turare. Injiniya yana rubuta duk abin da na faɗa a littafinsa kamar ɗalibi. Da safiyar da na ji wani abu kamar ciyawar da aka yanka ta kwana ya fara leƙowa daga ƙasa, na ce masa, "Injiniya, in ni ne, yau zan cire." Bai yi gardama ba. Man ƙamshin yakan gama fita da wuri, abin da ke biyo baya ɗanyen ganye ne da bauri, don haka wanda ya bar hof mako biyu yana zaton ƙari yake samu, ragi yake yi.

Da hof ya ƙare sai ya shiga gwaje-gwaje da kayan gida, ni ma na ba da shawara ta fuskar ƙamshi. Ba shi ya fara wannan tunani ba. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, manyan kamfanonin giya da na lemon malta suka koma kan dawa da masara, kuma irin dawar da ta yi suna a wannan aiki, gajerar kaura SK5912, daga cibiyar binciken noma ta Samaru ta fito, a garinmu. Masana a jami'o'inmu sun gwada maye gurbin hof ma da shuwaka da namijin goro da utazi. Habashawa kuwa da ma suna da nasu ganyen, gesho, da suke sa wa talla da taj. Abin da Injiniya ya gano a bokitinsa shi ne ɗaci ba ya wuyar samu a ƙasar nan. Shuwaka ta ba shi ɗaci har ya yi yawa. Ƙamshin ne ya gagara. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemon tsami ta fi kusa, don ita ma tana da mirsin da jiraniyol, amma ni a hancina sabulu ta fi kama. Ɓawon lemon zaƙi ya yi kyau ya gudu da wuri. Citta da kanumfari suka danne komai. Ban ga laifin gwajin ba, amma ra'ayina shi ne wanda ke neman shuwaka ta zama Citra ya raina shuwaka. Af, masu cewa ba su taɓa ɗanɗana hof ba su duba jikin gwangwanin lemon malta da ake rabawa a walima, da yawa za su ga sunansa a jerin kayan haɗi. Shi ne ɗan ɗacin nan da ke hana zaƙin ya gundure ka.

Ta Citra ɗin ta fito yadda yake so, aƙalla yadda abokansa biyu da ya kira suka shaida masa, don shi ɗaci da sanyi kawai yake ji. Ya ɗura a kwalabe masu ruwan ƙasa, don haske ma yana ɓata hof, ya jera a firiji, ya ce zai ajiye rabi sai hancinsa ya dawo. Lokaci-lokaci yakan buɗe ɗaya ya tsiyaya a kofi ya miƙo wajen fuskata. Makon farko ƙamshin yana cika tsakar gida. Da aka yi kamar wata guda sai na kusanto kafin in ji. Na faɗa masa gaskiya cewa abin yana tafiya, kuma firiji ba zai riƙe shi ba.

Mama tana gefe tana tsince wake, ana gobe za ta koma gida. Ta ce, "To, ashe taka ma ba ta jira." Injiniya ya fara yi mata bayanin cewa giyar ba ta lalace ba, za ta yi wata shida ba ta yi tsami ba, hof ya tsare ta. Ta ce, "Abin da ka sha wahala dominsa yana nan?" Ya yi shiru.

Na daɗe ina juya maganar nan. Turawa sun ɗauko hof ne don giya ta daɗe, ta yi tafiya, a sayar da ita nesa da inda aka dafa ta, kuma da wannan ne giyar kwalba ta ture burukutu gefe a garuruwanmu tun da Star ta fito a Legas a 1949. Amma da masu sha'awa suka bi ƙamshin hof har ƙarshensa, sai suka ɓulla ga giyar da dole a sha ta sabuwa, kusa da tukunya, da mutanen da ke kusa. Dokar rumfar Mama ke nan, sai dai an biya dala kafin a iso gare ta. Ban faɗa wa Injiniya haka ba a lokacin, don ya isa da abin da ke damunsa.

Hancinsa ya dawo a hankali wajen ƙarshen damina, kuma da farko a karkace ya dawo, albasa tana masa warin ƙonanniyar roba. Kafin ya daidaita, sauran kwalaben sun zama giya kawai, mai ɗaci, ba labari. An buɗe filin jirgin Nnamdi Azikiwe ga jiragen waje a watan Satumba, wani abokin aikinsa ya shigo masa da sababbin jakunkuna, ni kuma na koma shago, aikin hancin aro ya ƙare.

Mun tashi daga gidan a shekarar da ta biyo baya, amma muna gaisawa, yakan aiko matarsa ta sayi humra. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ya rage dahuwa ƙwarai. Ya ce yanzu sau ɗaya yake yi a shekara, a tsakiyar hunturu, lokacin da daren Abuja ke yin sanyin da yis ke so kuma busasshiyar iska ke sa yashin Mama ya yi aiki ba sai an ta da janareta ba. Ya mai da bokitin lita 10, kuma ranar da ya zuba hof ɗin ƙamshi, ranar yake buga wa abokansa waya ya sa musu rana.